Sunan Matafiyi a Littafin Wa Yake?

A farkon shekarun 1980, ina makarantar sakandare a Birnin Kebbi, malamin da ya koya mana lissafi ɗan ƙasar Filifin ne. A wancan zamani na kuɗin mai, makarantu da asibitocin tsohuwar Jihar Sakkwato cike suke da baƙi, 'yan Indiya da Fakistan da Masar da Gana, ga kuma 'yan Filifin. Namu gajere ne mai fara'a, ba ya duka, kuma duk ƙarshen wata sai ya nemi izini ya tafi banki domin aika wa matarsa da 'ya'yansa abin da ya samu.

Wata rana zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, aka aike mu mu biyu mu kai masa littattafan aji gida. Muka same shi ya rame, ya lulluɓa da bargo cikin zafin bazara. Abokin tafiyata, da yake yaro ne mai faɗin abin da ke ransa, ya ce, "Malam, in ka mutu a nan, wa zai sani a garinku?" Na ji kunya ta kama ni. Shi kuwa bai ji haushi ba. Ya jawo wata jakar fata daga ƙarƙashin matashi, ya fito da takardar yarjejeniyar aikinsa mai ɗauke da hatimin gwamnatin ƙasarsu. Ya ce kafin ya baro Manila an rubuta sunansa, da na matarsa, da garin da za shi, da wanda ya ɗauke shi aiki, da albashin da aka yi masa alkawari. Ya ce in ta Allah ta kasance, akwai ofishin da matarsa za ta je ta tsaya a gabansa, kuma dole a ba ta amsa.

Ya warke, ya ƙarasa wa'adinsa, ya koma gida. Ban sake tuna jakar nan ba sai da abin da ya sami kawuna ya same shi.

Kawuna Bakabe ne, masunci ɗan masunci, daga wani ƙauye a bakin gulbi kusa da Argungu. Da homa da gora ya tashi, kuma duk shekara yana cikin dubban da ke rugawa Matan Fada ranar bikin kamun kifi, bikin da aka fara a 1934 don karrama ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Amma biki kwana kaɗan ne, ciyar da gida kuwa shekara ce cur. An kammala madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo a 1984, ruwan da ya saba malalowa ya cika fadama ya bar tafkuna cike da tarwaɗa da ƙarfasa ya ragu, ga fari ya zo ya ɗora nasa. A 1985 kawu ya ɗaure tarunsa, ya bi sahun 'yan'uwansa zuwa Tafkin Chadi. Ya sauka Baga, daga nan ya shiga tsibirai. Tafkin yana ja da baya a lokacin, masunta suna bin ruwa duk inda ya nufa, har suka kafa garuruwa irin su Darak a ƙasar da daga baya, a 2002, Kotun Duniya ta ce ta Kamaru ce. Wato kawu ya zama ma'aikacin ƙetare ba tare da ya taɓa riƙe fasfo ba.

Shekara biyar saƙonsa yana zuwa ta hannun direbobin da ke ɗauko banda: kuɗi a ƙulle cikin leda, wani lokaci da turmin atamfa, wani lokaci da kaset ɗin da ya ɗauki muryarsa yana gaida kowa da suna. Sai saƙo ya yanke. Wani ya ce ya gan shi ya nufi ɓangaren Chadi, wani ya ce kwalekwalensu ne ya kife da dare, wani ya ce ciwon amai da gudawa ne ya ratsa tsibirinsu. 'Yan'uwa biyu suka sayar da tunkiya suka yi kuɗin mota har Baga, suka yi mako uku suna tambaya, suka dawo hannu rabbana. Babu ofishin da za su je, domin babu littafin da aka taɓa rubuta cewa mutum mai suna kaza ya bar ƙasar Argungu ranar kaza ya nufi wuri kaza.

A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, na raka matarsa, wadda muke kira Inna, gaban alƙali. Alƙalin ya yi mata bayani a tsanake. Ya ce in ta so, ana iya raba auren saboda rashin ciyarwa ba tare da dogon jira ba. In kuwa akwai abin da za ta ci daga dukiyarsa, to hukuncin wanda ya ɓace a mazhabar Malikiyya shi ne a bincika, a ɗibar mata shekara huɗu, in bai bayyana ba ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Dukiyarsa kuma ba za a raba ta gado ba sai ya kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba, abin da malamai da yawa suka ƙaddara da saba'in. Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah shi gafarta Malam, ni ban taho a kashe min aure ba. So nike a hwaɗa min ko shina da rai." Alƙali ya yi shiru, domin wannan tambaya ba ta cikin abin da kotu ke iya amsawa. Ta zaɓi jira. Ƙannensa suka riƙa noma 'yar fadamarsa suna kai mata shinkafa. A 1995 ta shiga takabar mutumin da ba ta ga gawarsa ba.

Na daɗe da gane cewa tafiya ba baƙon abu ba ce a wurinmu, kuma ba kullum take zuwa da irin wannan ɓata ba. Kakanninmu sun yi fataucin goro daga kasuwar Jega, su ƙetare Kwara su nufi Gwanja, su sauka Salaga, daga baya Kumasi. Ayari yana da madugu wanda ya san adadin mutanensa, yana da jagaba a gaba. A can kuma akwai zango, da sarkin zango, da mai masauki. In baƙo ya kwanta ciwo, mai masauki ne zai yi jinyarsa. In ya rasu, liman ya yi masa sutura, a ƙirga kayansa gaban shaidu, a damƙa wa madugu ya kawo wa magada. Ba gwamnati ba ce, amma tsari ne, kuma ginshiƙinsa shi ne an san wanda ya tafi, an san hannun wanda yake. Tsarin ya sha wuya a watan Nuwamba na 1969, da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice daga Gana, mutanenmu suka dawo cikin manyan motoci, wasu da tabarma kawai bayan shekara talatin a Kurmi. Mu ma mun yi wa 'yan Gana irin haka a 1983. Daga nan tafiya ta koma hannun biza da fasfo da ejan, madugu ya ɓace, ba a kuma sami wanda ya gaje shi ba.

A shekarar da Inna ta yi takaba, wani abu ya faru a ƙasar malamina. Ranar 17 ga Maris, 1995, aka rataye Flor Contemplacion a Singafo. 'Yar aikin gida ce 'yar Filifin, uwar 'ya'ya huɗu, wadda aka yanke wa hukuncin kisa kan mutuwar wata 'yar ƙasarsu da wani ƙaramin yaro. Mutanen Filifin da yawa sun yi imanin cewa ba ta sami tsayayyen mai kare ta ba, kuma jami'an ƙasarta sun yi sakaci da ita shekara huɗu tana tsare. Ƙasar ta ɗauki zafi. Shugaba Fidel Ramos ya janye jakadansa, ministan harkokin waje da ministar ƙwadago suka sauka daga muƙamansu, kuma kafin wata uku, a Yunin 1995, aka sa hannu kan dokar kare ma'aikatan ƙetare. Ina faɗar wannan ne domin kada a ɗauka tausayin shugabanni ne ya haifi tsarin Filifin. Gawa ce ta haife shi, da jama'ar da suka ƙi yin shiru a kanta.

Tushen ya girmi 1995. Tun 1974 gwamnatin Marcos ta sa tura ma'aikata waje cikin dokar ƙwadago, lokacin da ƙasashen Larabawa suka sami kuɗin mai suna neman magina da direbobi. A 1977 aka kafa asusun jin daɗinsu, wanda a 1987 ya zama hukumar da ake kira OWWA. A 1982 aka kafa wata hukumar mai ba kamfanonin ɗaukar ma'aikata lasisi da tantance yarjejeniyar aiki. A ƙarshen 2021 aka yi dokar da ta tattara yawancin waɗannan ayyuka ƙarƙashin ma'aikata guda mai minista. Ƙididdigar ƙasar ta 2023 ta nuna ma'aikatanta a waje sun haura miliyan 2, mata sun fi rabi, kuma kusan ɗaya cikin biyar a Saudiyya yake. Kuɗin da 'yan ƙasar suka aiko gida a shekarar ya kai dala biliyan 37.

Yadda abin ke aiki shi ne ya fi jan hankalina. Ana biyan dala 25 kan kowace yarjejeniyar aiki, rajistar tana ɗaukar har shekara biyu, kuma a ƙa'ida mai ɗaukar aiki ne ke biya. Kafin mutum ya hau jirgi dole ya zauna bita: a gaya masa dokokin ƙasar da za shi, da haƙƙinsa, da inda zai gudu in an zalunce shi. A ƙasashen da suke da yawa akwai jami'in jin daɗi da gidan fakewa a ƙarƙashin ofishin jakadanci, inda 'yar aikin da ta tsere wa duka za ta kwana. In ma'aikaci ya mutu, ana ɗauko gawarsa, a ba iyalinsa peso 100,000 in ajali ne na ciwo, 200,000 in haɗari ne, da 20,000 na jana'iza, kamar yadda aka daɗe ana biya. Peso 100,000 bai kai dala dubu biyu ba, ba zai maye uba ba, amma ya isa a ce wa marayu ƙasarku ta san da ku. Akwai tallafin karatu ga 'ya'yan da suka ci jarrabawar neman sa, akwai ɗan jari ga wanda ya dawo a wahale. Sannan ga wata ƙa'ida da nake ganin ta fi duk sauran nauyi: kamfanin da ya tura mutum daga gida yana ɗauke da alhaki ɗaya da wanda ya ɗauke shi aiki a waje. In Balarabe ya hana albashi, ma'aikaciya tana iya dawowa Manila ta kai ƙarar wanda ya tura ta, a karɓar mata haƙƙinta a gida.

Duk wanda ya san yadda mata ke barin garuruwanmu zuwa aikatau a Saudiyya zai gane dalilin da ya sa na tsaya a nan. Ejan ne zai zo ta hannun wata ƙawa, ya ce zai yi fasfo da biza, a biya shi daga albashin watannin farko. Ba takarda, ba shaida. Tana sauka kafili, wato wanda ya ɗauke ta aiki, ya karɓe fasfo. In gidan kirki ta faɗa, ta gode Allah. In ba haka ba, ta gudu ta zama ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, tana ɓuya har ranar da za a kama ta a kai ta tarhil, inda ake tsare waɗanda za a koro gida. Ejan kuwa yana nan gida yana neman ta gaba, babu wanda ke da hujjar riƙe rigarsa.

Ba na cewa Filifin ta warware matsalar. Ƙasar da ta mai da 'ya'yanta abin fitarwa waje tana biyan farashi mai tsada: yara suna tashi a hannun kakanni, uwa tana renon 'ya'yan wasu a Riyad ko Hong Kong. Waɗanda suka bi ta bayan fage da yawa ba sa cikin rajista. Ma'aikatan da kansu suna kukan jinkiri da yawan takardu. Kuma kisa bai ƙare ba. A Fabrairun 2018 aka sami gawar Joanna Demafelis cikin firiza a wani gida da aka ƙaurace wa a Kuwait. Amma dubi abin da ya biyo baya. Gwamnatinsu ta dakatar da tura ma'aikata Kuwait, sai da aka sa hannu kan yarjejeniya a watan Mayu wadda ta ba 'yar aiki damar riƙe fasfonta da wayarta. Mu ma an taɓa yi mana haka: a Janairun 2007, da aka sace ma'aikatan jirgin ruwa 'yan Filifin 24 a yankin Warri, gwamnatin Gloria Arroyo ta hana 'yan ƙasarta zuwa aiki Nijeriya. Ƙasar da ta san adadin 'ya'yanta da inda suke ita ke iya cewa ta janye su.

Nijeriya ba ta zauna haka kawai ba, adalci ne a faɗa. An kafa NAPTIP a 2003 don yaƙi da safarar mutane. An yi dokar hukumar 'yan Nijeriya mazauna ƙetare, NiDCOM, a 2017, ta fara aiki a 2019 ƙarƙashin Abike Dabiri-Erewa. Mun ga yadda aka tsaya kan maganar Zainab Aliyu, ɗalibar da aka kama a Saudiyya a Disambar 2018 kan ƙwayoyin da wasu suka sa cikin jakar da aka liƙa wa sunanta, har aka sako ta a ƙarshen Afrilun 2019. Mun ga jiragen da suka kwaso ɗaruruwan mutanenmu daga wuraren tsarewa na Saudiyya a Janairun 2021, da motocin da suka fitar da ɗalibai daga Khartum a 2023. A Mayun 2015, da Nijar ta kwashe mutane daga tsibiran Tafkin Chadi saboda Boko Haram, dubban masunta sun iso Gaidam a galabaice, aka rarraba su zuwa jihohinsu, har da tamu. Duk waɗannan ayyukan alheri ne. Sai dai kowanne ya zo ne bayan wuta ta kama, kuma a kowanne sai a wurin ake fara tambayar mutum sunansa da garinsu. Wanda bai kai ga layin ba, kamar kawuna, ba ya cikin lissafin kowa. Dala biliyan 20 ko kusa da haka da ake cewa 'yan Nijeriya na aikowa gida duk shekara ta sa ana tuna likitan da ke Ingila da injiniyan da ke Amurka. Kuɗin da masunci ya ƙulle a leda ya ba direba, shi ne ya sayi gero ya biya kuɗin magani a ƙauyen Inna, amma bai bi ta banki ba, don haka mai shi bai shiga ido ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun iya wannan aiki. Muna yin sa duk shekara. Je ka ofishin Hukumar Jin Daɗin Alhazai a Birnin Kebbi ka ga. Kowane maniyyaci an rubuta sunansa, da ƙaramar hukumarsa, da magajinsa. Ana yi masa bita makonni, malamai suna koya masa abin da zai tarar. Ana duba lafiyarsa, a yi masa allura, a ba shi jaka da yadi iri ɗaya da na 'yan jiharsu, a ba shi guzuri. Likitoci suna binsa, jami'i yana riƙe da jerin sunaye a kowane masauki. In ya ɓace a Mina a neme shi, in ya rasu a Makka kafin kwana ya zagayo an sanar da gidansu. Tun 1975 tarayya take da hukumar alhazai, aka sake fasalinta a 2006 ta zama NAHCON, har da adashin gata aka ɓullo da shi domin mai tarawa a hankali. A Mayun 2024 daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke nan Birnin Kebbi jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi. Duk abin da OWWA ke yi, in ka cire biyan diyya da karatun yara, ga shi nan a hannunmu, da Hausa, cikin tsarin da tsohuwa ta ƙauye ta yarda da shi. Muna yi wa mai tafiyar kwana arba'in, kuma ya cancanta. Mai tafiyar shekara biyu ko goma zuwa Saudiyyar nan dai, don ta ciyar da marayunta, ita ba mu yi mata ko rabinsa.

Na san abin da za a ce. Talaka yana tsoron rajista, domin tarihi ya koya masa cewa rubuta suna yana zuwa da haraji ko kamu. Yana tsoron asusu, domin ya ga asusun da aka tara ya bi ruwa. Tsoron nan yana da hujja, shi ya sa nake ganin littafin bai kamata ya fara daga Abuja ba. Ya fara daga inda aka yarda da juna: mai unguwa, dagaci, hakimi, Sarkin Ruwa ga masunta, shugaban tasha ga masu bin mota ta Kamba ko Kangiwa. Masarautun Argungu da Gwandu sun san mutanensu gida-gida. Jiha ta sa doka cewa duk mai ɗaukar mutum aiki zuwa waje sai ya yi rajista ya ajiye jingina, kuma in aka cuci wadda ya tura, shi za a fara kamawa. Malaman da ke bitar alhazai su ware rana ɗaya a wata ga masu tafiya nema. Kuɗin asusu, in za a tara, a riƙa karanta lissafinsa a rediyo kowa ya ji. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin jihar da ta iya tara manoman shinkafa dubbai cikin rajista lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba su rance a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015.

An raba gadon kawu 'yan shekarun baya, bayan da aka lissafa ya kai saba'in. Fadamar ta koma hannun 'ya'yansa, homarsa kuwa Inna ta hana a taɓa, tana nan rataye a ɗakinta.

Bara jikansa, saurayi mai shekara ashirin da huɗu, ya sami aikin tuƙi a Saudiyya ta hannun wani ejan. Daren da zai tafi Inna ta aiko a kira ni. Na same ta zaune kan tabarma, idonta ya yi rauni, yaron yana durƙushe gefenta da jakarsa. Ta miƙo mini wani littafin makaranta sabo da biro, ta ce, "Ɗana, kai ka yi boko. Wanga karon ka rubuta."

Na rubuta sunansa da na mahaifinsa, da lambar fasfonsa, da sunan ejan da lambar wayarsa da unguwar da yake zaune, da sunan kafilin da garinsa, da albashin da aka ce za a ba shi, da ranar da yarjejeniyar za ta ƙare. Na nemo lambar ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda na rubuta masa a bayan hoton mahaifiyarsa. Da safe muka kai wa mai unguwa ya sa hannu, ya kwafe a nasa littafin. Inna ta karɓi nata, ta naɗe shi cikin tsohon ɗankwali, ta sa jikanta ya ɗaga ta tsaye, ta soke shi a jikin igiyar da homar ke rataye.